Haƙorin Makkan da Bai Taɓa Ganin Makka Ba

Ban taɓa zuwa Makka ba. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, kafin wani Bazazzage ya riga ni ya ƙara gishiri. Iyakacin tafiyata ta gabas Maiduguri ce, ita ma ta'aziyya ce ta kai ni. Filin jirgin Malam Aminu Kano kam na sha zuwa, amma ɗan rakiya, ina tsaye bakin ƙofa ina ɗaga hannu ina cewa a sa mu a addu'a. Duk da haka akwai wani ƙauye a ƙasar Maƙarfi inda har gobe in aka ce "Alhajin Saudiyya" ni ake nufi, kuma akwai wata tsohuwa a can da take bi na bashin ruwan Zamzam.

Ciwon nawa daɗaɗɗe ne, sunansa yayi. Wasu taba ta kama, wasu ƙwallo. Ni kuwa da zarar na ga sabon abu a jikin mutum uku, sai in ji kamar mota ta tashi ta bar ni a tasha. A 1998, ina ɗan shekara ashirin, lokacin da ake ta gangamin Janar Sani Abacha ya zarce, aka fito da wata doguwar riga mai sharar ƙasa aka raɗa mata tazarce. Na ci bashin yadi a Kantin Kwari, na kai wa tela, na sayi baƙin tabarau irin na Janar ɗin na ajiye ina jira. Tela ya yi ta yi mini gobe-jibi har wata biyu. Ranar Lahadi ya ba ni riga. Washegari Litinin, 8 ga Yuni, Allah ya yi wa Janar rasuwa. Rigar dai na sa abata, tunda bashi ba ya mutuwa don an sauya gwamnati. Tabarau ɗin ma na sa, har da daddare, har ranar da na taka wani abu da na ɗauka inuwa ce, ashe kwata ce.

A 2012 Mario Balotelli ya zura wa Jamus ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai, ya tuɓe riga ya ƙame kamar gunki. Kafin mako ya zagayo rabin samarin unguwarmu sun koma zakaru, kowa da tukku a tsakiyar ka. Lokacin ina da 'ya'ya biyu, ina koyar da lissafi a sakandare, amma na ce wa mai aski ya ɗan rage gefe da gefe, kaɗan kawai. Mako uku ban cire hula ba. Da ita nake kwana.

Sai kuma zamanin Ertugrul, fim ɗin Turkiyya da aka fara a 2014, ya iso mana daga baya ta hannun masu tura fina-finai a waya. Na sayi hular gashin nan ta jarumin, wadda aka yi don sanyin tsaunukan ƙasarsu, na ɗora ta a Kano cikin watan Afrilu, na tafi masallacin Juma'a. Kafin liman ya hau mumbari gumi ya jiƙa ni har aljihu, ina jin wani yaro a sahun baya yana tambayar ubansa me ya sa mutumin can ya zo da mage. Yanzu hular tana bayan ɗakin girki. Kazar maiɗakina ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara a ciki, ita kaɗai ta ci ribar kuɗina.

Ina da 'yar hujja, kada a ɗauka hauka ce zalla. Mu Hausawa tufafinmu suna da suna, suna kuma da baki. Hular Zanna Bukar ta samo sunanta daga Zanna Bukar Dipcharima, minista a Jamhuriya ta Farko. Mata sun yi ɗaurin Maryam Babangida, sun yi ture-ka-ga-tsiya, wanda sunansa kaɗai gargaɗi ne. Shaddar Getzner, wadda ango ba ya cika ango sai da ita, a wani gari ake saƙa ta wai shi Bludenz, can cikin tsaunukan Ostiriya, inda ba na jin akwai wanda ya iya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa; amma da ta sauka Kwari ta zama gezna, ƙarar da take yi in kana tafiya kaɗai ta isa ta gaya wa mutane nauyin aljihunka. Jar hula kuwa a Kano ta yanzu, ba sai ka buɗe baki ba an san inda ka sa gaba. Duk na san wannan. Abin da ni malamin lissafi ban taɓa lissafawa ba shi ne, wani kayan in ya yi magana da yawunka, kai za a kawo wa takardar biya.

Ɗan yayata ne ya jawo mini. Yaron yana jami'a, hutu ya kawo shi gidana, kullum kunne a toshe. Wata rana da daddare na leƙa wayarsa na ga wani mawaƙi yana dariya, bakinsa kamar an kunna fitilar mota. Na ce wannan kuma fa? Ya ce, "Kawu, giril ke nan." Ya shiga yi mini darasi: wai mawaƙan gambarar zamani na Amurka ne suka fito da shi tun shekarun 1980, wani mai suna Nelly har waƙa ya yi masa a 2005, yanzu ga shi har Burna Boy na nan gida yana sawa, wasu na zinare, wasu har da lu'ulu'u.

Na ce, "Kai tafi can. Wannan ai haƙorin Makka ne aka yi wa yawa."

Kakata ta wajen uwa ta sauke farali a 1977, ta dawo da haƙorin zinare guda ɗaya a sama, ɓangaren hagu. Kafin ta tafi mace ce mai kunya, in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi. Da ta dawo, dariyarta ta yi ƙaura ta koma hagu gaba ɗaya, kuma abin dariya ya yawaita a duniya. A gaishe ta, dariya. A ce mata akuya ta ɓata, murmushi. Ba wanda ya ga laifinta. Mutanen da iyayensu suka tafi a ƙasa, ta Borno da Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru kafin su dawo, wasu ma a can ƙasa ta rufe musu ido, sun san abin da haƙorin nan yake nufi. Takardar shaida ce da ruwa ba ya jiƙawa, ba a mantawa da ita a gida, kuma wanda bai iya karatu ba ma yana karanta ta.

Na gama yi wa yaron wannan lacca, na rufe da cewa Amurkawa kwaikwayonmu suke yi ba su sani ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ai kai ya kamata ka sa. Gadonku ne." Yaran yanzu sun san inda ake taɓa mutum. Kafin in kwanta ya yi odar guda ɗaya ta waya, naira 4,500. Akwai mai shida a jere, na ce a'a, ni dattijo ne.

Ya iso cikin wani ɗan akwati kamar na ashana, da ɗan hantsaki, da wani farin roba kamar ƙwayar shinkafa. Yadda ake sa shi: a tsoma roban a ruwan zafi har ya yi laushi kamar cingam, a cusa shi cikin ƙarfen, a danna a haƙori, a jira ya sandare. Ku riƙe wannan magana ta ruwan zafi, za mu dawo kanta. Gwajin farko na ƙona leɓe. Na biyu ya zauna a karkace kamar hular ɗan tauri. A na uku ya zauna daram, sama, hagu, daidai gurbin na kakata. Ina gaban madubi ina gwada murmushi iri-iri sai ga maiɗakina ta shigo da tire. Ta dube ni, ta ajiye tiren a hankali, ta ɗan rusuna.

"Malam, sannu da dawowa. Ya hanya? Ina tsarabata?"

Na ce mata ado ne na zamani, ba ruwansa da Makka. Ta ce, "Ni ka gaya wa. Sauran mutanen gari fa, allo za ka rataya a wuya?"

A unguwa dai ban isa in sa ba, kowa ya san ko Jidda ban taɓa leƙawa ba. Na ajiye shi ina jiran garin da ba a san ni ba. Sai ga ɗaurin auren ƙanen wani abokin aikina, malamin Hausa, Bazazzage, a ƙauyensu, cikin Disambar 2024, hunturu ya buɗe sosai. Na sa shaddata, ba gezna ba, 'yar ƙanwarta ce daga ƙasar Sin. Na kafa Zanna Bukar. Saboda ƙura kuma na ɗauki wani ɗan rawani mai ja da fari da maƙwabcina ya ba ni tsaraba, na yafa a kafaɗa. Na rantse don ƙura na ɗauka. Sai yanzu nake ganin cewa da shi da haƙorin, fasfo kawai ya rage.

A Kano kowa Alhaji ne in dai yana da tumbi ko makullin mota. Ɗan kamasho zai kira ka Alhaji. In ka wuce motarsa ka koma Malam. In ka tsaya ciniki ka zama "kai". Saboda haka da na shiga tashar Unguwa Uku aka fara Alhaji-Alhaji ban ɗauke shi komai ba. Sai da na yi murmushi. Nan take muryar ɗan kamashon ta sauya, ya karɓe jakata da hannu biyu, ya buɗe mini gidan gaba, ya kori wani saurayi da ya riga ni zama. Ya ce, "Alhaji ba ya shiga matsi." Kuɗin kujera biyu ya karɓa. Na biya ina murmushi, don na lura in na rufe baki ba a ganin dalilin girmamawar. Muka wuce Kura, muka wuce Kwanar Ɗangora, na sauka Tashar Yari na tari ɗan acaɓa. Da muka isa na ce nawa ne, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ko nawa ka bayar albarka ce." Duk duniya babu farashi mai tsada kamar wannan.

Abokina yana ƙofar gida yana karɓar baƙi. Ya dubi bakina, ya dubi kafaɗata, na ga idonsa ya kawo wani haske da ban so ba. Tsakanin Bakano da Bazazzage wasa ne tun kaka da kakanni, kuma wasan ba shi da ranar hutu. Na ja shi gefe na ce, "Don Allah ka rufa mini asiri, ado ne kawai." Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Bakano, ai rufin asiri ya zama dole." Ya juya ya ɗaga murya har ƙarshen layi: "Jama'a, a ba da hanya, Alhaji ya iso! Kai yaro, ɗauke tabarmar nan, kawo darduma!"

Sanƙira kuwa kamar jira yake. Ya taso da gudu yana nuna ni da sanda: "Ga mai murmushi da walƙiya! Baki ya yi kyau, an ce aljihu ya fi baki!" Na ba shi dubu ɗaya don ya yi shiru, ashe kuɗin ƙara murya na biya. Na ƙara dubu. Almajirai suka yi mini zobe. Kafin a shafa fatiha rabin kuɗin motar komawata ya bi iska.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Shekara ashirin ina koyarwa ba a taɓa kore yaro daga inuwa saboda ni ba. Na ji dariyata tana tattara kayanta tana komawa hagu, sak irin ta kakata. Na yi niyyar gyara zancen, wallahi na yi, amma duk minti ɗaya da ya wuce gaskiyar ƙara tsada take yi. Na riƙa lallashin zuciyata da cewa ai ni ban ce wa kowa ni Alhaji ba ne. Haƙori ne ya faɗa.

Bayan an ɗaura aure aka shigar da manyan baƙi zaure, aka zaunar da ni tsakanin liman da wani dattijo da kowa ke kira Baba Alhaji. Zai kai shekara tamanin, siriri, idonsa tar. Sau uku ya je, na farko a 1981. Nasa haƙorin ya dushe, ya zama kamar tsohon kwabo, ba ya ƙyalli ko kaɗan, kuma na lura bai damu a gani ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Kano, ya tambayi sanyi. Sannan ya ce, "Alhaji, wace shekara aka sauke farali?"

Ga ƙofar gaskiya nan a buɗe, har da labule a ɗage. Da na ce, "Baba, ban je ba tukuna, wannan na wasan yara ne," da an yi dariya an wuce wurin. Amma ƙwaƙwalwar malamin lissafi ta tafi neman lamba mai daɗin faɗa, ta dawo mini da wadda ta fi kowace kyau a ido.

Na ce, "2020."

Zauren ya yi tsit. Liman ya juyo gaba ɗaya. Sai a lokacin na tuna abin da yaron firamare ma ya sani: 2020 shekarar korona ce, shekarar da Saudiyya ta rufe ƙofa, ba wanda ya yi aikin Hajji sai 'yan tsirarun da ke zaune a cikin ƙasar. A 2021 ma haka aka yi. Sai a 2022 jiragen alhazanmu suka sake tashi. Cikin shekaru sama da dubu da ake zuwa, na tsallake duka na zaɓo wadda ba a je ba.

Baba Alhaji ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Allahu Akbar. Ashe mazaunin can ne."

Kafin in buɗe baki Bazazzagen nan ya cafe daga bakin ƙofa: "Ƙwarai kuwa, Baba. Ai shi Kano hutu yake zuwa."

An gudu ba a tsira ba. Cikin minti goma labari ya shiga cikin gida wurin mata ya fito da ƙari. Aka kirawo wani mutum da ya yi shekaru yana sayar da shayi a Jidda, wai ga ɗan'uwansa ya zo. Ya rungume ni ya sako Larabci kamar an ɓalle famfo. Ni kuwa jarina bai wuce na Islamiyya ba, shi ma ya sha ruwa. Duk abin da ya faɗa in ce "Ɗayyib," in ya ƙara in ce "Alhamdulillah." Daga baya aka fassara mini hirar. Ya ce a wace unguwa kake zaune, na ce ɗayyib. Ya ce wane aiki kake yi, na ce alhamdulillah. Ya koma ya gaya wa mutane a raɗe cewa a bi ni a hankali, irin waɗannan masu ɓoye aikinsu manya ne.

Sai layi ya kafu. Wani yana son in samar wa ɗansa aikin direba. Wani yana tambayar nawa riyal take a yau. Wani yana so ya ji ko gaskiya ne ana hango dogon agogon nan na Makka tun daga nesa; wannan na amsa da ƙarfin gwiwa, don ina ganinsa a talabijin. Daga ƙarshe aka ce wata tsohuwa tana sallama. Na fita. Tana tsugune a gindin katanga da wani ƙulli a tsohon ɗankwali: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da yaji a ƙaramar roba. 'Yarta tana Makka, a Sharar Mansur, shekara goma sha ɗaya ba ta gan ta ba. Na ce, "Iya, akwai lambar waya ko adireshi?" Ta ce, "Ɗan nan, ba sai da shi ba. Doguwa ce, mai wushirya, kowa ya san ta. In za ka dawo kuma ka taho mini da Zamzam, ko cikin murfin buta ne." Ta ɗora mini ƙullin a hannu ta riƙa sa mini albarka. A nan ne dariyata ta fara dawowa tsakiya. Bazazzage kuwa yana gefe yana karanta wa jikanta lambar wayata, har yana maimaitawa.

Na koma zaure na tarar an kawo abinci. Farfesun kayan ciki ne yana tururi, ga sanyi yana shigowa ta ƙofa. Na kai kwano baki na kurɓi romo, na ƙara, na sake ƙarawa. Kun tuna maganar ruwan zafi? Ni ban tuna ba sai da na ji haƙorin ya ɗan motsa, kamar ɗan haya da ya fara haɗa kaya. Na danna shi da harshe na daina magana.

Sai aka shigo da fura a babbar ƙwarya, damammiya, mai kauri, da ludayi ɗaya. Mu shida ne a kewaye. Aka ce baƙo ya fara. Na sunkuya na ɗebo, daidai lokacin Baba Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya maimaita mana, ya kai waɗanda ba su je ba." Wannan addu'a ta taɓa ni fiye da kowa a zauren. Na ce "Amin!" da dukan ƙarfina, bakina a saitin ƙwarya.

Ko ƙara bai yi ba. Fura ta buɗe, ta karɓa, ta rufe.

Na tsuke leɓe na fara lissafi. Ƙarfe ne, zai nutse ƙasa. Mutum shida, ludayi ɗaya. In na saki ludayin nan, kashi biyar cikin shida asirina yana hannun wani, ko ma cikin wani. Saboda haka na ƙi saki. Na sha na farko. Na zura ludayi har gindin ƙwarya na yi yashe kamar mai haƙar rijiya, na sha na biyu ina tacewa da haƙora. Gaya kawai. Na uku, gaya. Na huɗu na ji wani abu mai tauri, gabana ya faɗi don murna, ashe kanumfari ne. Mutane suka fara kallon juna. Bazazzage ya ce, "Ku yi masa uzuri, a can ba a samun ta gero." Sai da na sha ludayi bakwai, cikina ya ɗaure kamar ganga, sannan kunya ta ƙwace ludayin daga hannuna.

Ban taɓa kallon maƙogwaron mutane da natsuwa irin ta ranar ba. Liman ya sha biyu, ina bin kowace kurɓa har ta sauka. Lafiya. Mutumin Jidda ya sha, ya ce mini wani abu da Larabci, na amsa da hanci. Sai ludayi ya iso hannun Baba Alhaji. Shi kuwa irin shan tsofaffi yake yi: ya juya ta a hankali, ya kwaso daga can ƙasa inda daɗin yake, ya kai baki.

Ƙas!

Na Makka da na waya sun gaisa. Ya tsaya cak. Ya sa yatsa biyu ya zaro shi, ya goge da gefen riga a ƙarƙashin hannunsa inda ba mai gani sai ni. Ruwan zinaren har ya fara ɓarewa a gefe ɗaya, farin ƙarfe ya leƙo kamar gwangwanin madara. Ya dube shi, ya dubi bakina, ni kuwa ina ta murmushi da leɓe a rufe kamar amarya. Sai ya miƙo hannu kamar zai yi musafaha, ya danƙa mini shi a tafi, ya matso kusa da kunnena.

"Nawa tun 1981 yake, na ci rake da shi, na fasa ƙashi, bai taɓa motsi ba. Amma kada ka damu, ɗana. Kayan shekarar korona duk haka suke, ba su da ƙarko."

Sannan ya ɗaga murya ya ce, "A ƙaro wa Alhaji fura."

Bazazzage ya fita da gudu. Ina jiyo shi a bayan zaure yana tari yana dukan katanga.

Da zan tafi, Baba Alhaji ya rako ni har bakin hanya yana dogara sanda. Ya ce tun kafin in ambaci shekara ya gane, don wanda ya je da gaske ba ya yini yana wa mutane talla da baki. Ya bar ni ne ya ga iya gudun ruwana. Na ce ya yafe mini. Ya ce shi bai ga abin yafiya ba, rabon da ya ji daɗin ɗaurin aure haka har ya manta. Sai ya nuna ƙullin da ke hannuna da bakin sandarsa. "Wannan kuwa ba wasa ba ne. Amana ce, ka karɓa gaban mutane."

Kuɗin mota Bazazzage ne ya ranta mini, sai da ya sa na rubuta a takarda na sa hannu, wai ya san halin Kanawa. Kujerar baya na samu, tsakanin buhun barkono da wani mai kaji. Ludayi bakwai na fura da romon kayan ciki suka fara shawara tun kafin Kwanar Ɗangora. Sau biyu ina tsayar da direba. A na biyun ya ce, "Malam, kai kaɗai ne mai ciki a motar nan?" Ban taɓa jin daɗin a kira ni Malam kamar ranar ba.

Ƙullin ya yi wata uku a gidana. Duk wanda ya san daddawa ya san ba ta zama a gida a ɓoye. Har shaddata ta ɗauka. Maiɗakina ba ta ce komai ba, sai dai kullum da safe in ta kawo shayi ta tambaya yaushe ne jirgi. Na zauna na yi lissafin in kai da kaina: kujerar Hajjin 2025 ta haura naira miliyan 8, na raba da abin da ke saura a albashina bayan cefane, amsar da ta fito ta nuna zan isa Sharar Mansur ina da shekara ɗari da goma sha huɗu. Da azumi ya matso na ji wata Hajiya a layinmu, 'yar kasuwa, za ta tafi Umra. Na je na tsuguna na ba ta labari tun daga Unguwa Uku. Ta yi dariya har haƙoran Makkanta biyu suka fito, na gaske, sannan ta caje ni kuɗin awo.

Abin mamaki, kwana biyu da saukarta ta sami matar. Doguwa, mai wushirya. Ashe kowa ya san ta. Ta karɓi ƙullin ta yi kuka, ta haɗo wa uwarta doguwar riga da dabino da carbi, ta ce a ba Alhajin da ya kawo saƙo ya kai. Ni ɗin dai. Na ba Bazazzage ya kai, na haɗa masa da kuɗinsa, na karɓi takardata na yaga.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya waya ta yi ƙara, jikan ya ce ga Iya. Ta yi ta godiya, ta sa albarka har ga 'ya'yan da ban haifa ba, sannan ta ce Zamzam ɗin ne dai ba ta gani ba. Na dubi maiɗakina, tana tsintar shinkafa tana yi kamar ba ta ji. Na gyara murya.

"Iya, ki saurare ni da kyau. Ni fa ban taɓa zuwa Makka ba. Malamin makaranta ne ni a Kano. Haƙorin nan ma na saya ne, yanzu haka yana cikin gwangwanin maɓallan matata."

Ta yi shiru har na ɗauka layin ya katse. Sai na ji tana gaya wa wani a gefe, "Kun ji ko? Bawan Allah, ba ya son a sani." Ta dawo kaina ta ce, "Allah ya ƙara tawali'u, ɗan nan. In za ka koma ka biyo, na daka sabuwar kuka."